Yadda Ake Ziyartar Dandalin Jami'ul Fana na Marakish da Dare, ga Mai Tashi daga Sakkwato

Masu zuwa ziyara Fas daga nan Sakkwato sun fara ƙara kwana biyu ko uku su leƙa birnin Marakish, shi ma a Maroko, kafin su juyo gida, haka ma ɗalibai da 'yan kasuwa. Tambayoyin da ake ta aiko mana kusan iri ɗaya ne: ta ina ake bi a kai dandalin nan da ake gani a bidiyo hayaƙin gashi ya turnuƙe shi, ƙarfe nawa ya kamata a je, nawa mutum zai riƙe, kuma ya za a yi a ci abinci ba a tsuga wa baƙo kuɗi ba.

Sunan wurin Jami'ul Fana, a allunan hanya kuwa za ka ga an rubuta Jemaa el-Fna. Fili ne buɗaɗɗe a bakin kasuwar tsohon gari, ba ƙofa ba tikiti. Shiga kyauta ne. Amma duk abin da ka tsaya kallo, ko ka taɓa, ko ka ɗauka a hoto, yana da farashi, kuma in ba ka yanke farashin da bakinka tun farko ba, mai abin ne zai yanke maka daga baya. Kuɗin da muka ambata a ƙasa duk dirhamin Maroko ne. Dala ɗaya tana kai-komo tsakanin dirhami 9 da 10. Farashi yana motsi, don haka ka ɗauke su a matsayin abin da za ka auna da shi in an faɗa maka kuɗi.

1. Biza da hanya

Mai fasfon Nijeriya sai da biza. Ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Ka tanadi fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, hotuna, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki. Maroko ta buɗe neman biza ta intanet a 2022, amma ga ɗan Nijeriya hanyar ta wanda ya riga ya riƙe bizar ƙasa irin Amurka ko Ingila ko ta ƙasashen Turai na Shengen ce. Ka haɗa da katin rigakafin cutar shawara.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III ka tashi zuwa Abuja ko Legas, daga can jirgin Royal Air Maroc zuwa Kasablanka. Daga Legas tafiyar awa huɗu da rabi ce ko kusa da haka.

Hattara: kada ka haɗa jirgin Sakkwato da na Kasablanka ƙut-da-ƙut. Jirgin gida ya makara ko a soke shi, shi ke nan tikitin waje ya tafi. Ka kwana a Abuja ko Legas.

A ƙarƙashin ginin filin jirgin Kasablanka akwai tashar jirgin ƙasa. Ka shiga zuwa tashar Casa Voyageurs, kamar rabin awa, sannan ka canza zuwa na Marakish, kusan awa uku. Wanda ya taso daga Fas ya sa ran awa shida da rabi zuwa bakwai, don haka ya hau na safe in yana son ya ga dandalin a daren ranar. Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera.

Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne. Kan caja mai ƙafa uku irin namu ba ya shiga, ka sayi mahaɗi tun a gida. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa kada ma ka sa shi a jaka, kwastan za su karɓe.

2. Canji, sannan canjin canji

Ba a samun dirhami a wurin 'yan canjin Sakkwato, kuma naira ba ta canzuwa a can. Ka riƙe dala ko yuro, takardu masu tsabta marasa yaga. Kada ka ɗora tafiyarka a kan katin banki na naira. A filin jirgi ka canza kaɗan kawai, abin da zai biya jirgin ƙasa da tasi da layin waya. Sauran ka bari sai cikin gari. A titin masu tafiya ƙasa da ya fito daga dandalin ta kudu, wanda aka fi sani da Bab Agnau, akwai shagunan canji da na'urorin cire kuɗi a jere. Ka duba allo biyu ko uku kafin ka miƙa, ka ƙirga a gabansu, ka karɓi rasit.

Nan ne mutane suka fi sakaci. Mai canji zai ba ka takardun 200 da 100. A dandalin kuwa takardar 200 ba ta da amfani sai jawo rigima, domin mai maciji da mai ganga ba su taɓa samun canji ba tun da aka halicce su. Ka roƙi mai canjin ya ba ka 'yan 20 da 'yan 50, sannan ka sayi ruwa ko biskit a kanti ka tara silalla na 1, 2, 5 da 10. Kafin ka fita da yamma ka raba kuɗin gida biyu:

- Aljihun gaba ɗaya: silalla na kusan dirhami 50, don masu wasa da sadaka da banɗaki.
- Aljihun ciki ko jakar da ke kan ƙirji: 150 zuwa 200 ga kowane mutum, don abinci, shayi da tasi.

Sauran kuɗi da fasfo su zauna a masauki. Ka riƙe kwafin shafin hoto na fasfon da shafin da aka buga hatimin shiga. Baƙar fata kan gamu da jami'in da zai tambaye shi takarda, kuma kwafin nan yana gama magana cikin minti ɗaya.

Hattara: wasu tsofaffin 'yan kasuwa da riyal suke lissafi, riyal 20 shi ne dirhami 1. In ka ji an ce ɗari biyu a kan abin da bai kai ba, ka tambaya, dirhami ko riyal? Mai yiwuwa dirhami 10 yake nufi.

3. Inda za a sauka

Zaɓi biyu ne. Ko gidajen gargajiya na cikin ganuwa da aka mayar masauki, waɗanda ake kira riyad, ko otal a sabon gari, unguwar Geliz, inda tashar jirgin ƙasa take. Ga wanda dandalin ya kawo shi, riyad ya fi, da sharaɗin kada ya wuce tafiyar minti goma a ƙasa. Layukan Riyad Zaitun guda biyu da ke kudu da dandalin sun fi sauƙin ganewa da dare a kan lungunan da ke arewa, cikin kasuwa.

In akwai tsoho a tafiyar, ko mai ciwon gwiwa, ka tambaya tun kafin biya ko ɗakin a ƙasa yake. Matakalar waɗannan gidaje ƙunci gare ta da tsayi, kuma akasarinsu ba su da na'urar hawa bene.

Mota ba ta shiga lungu. Tasi zai ajiye ka a bakin dandali ko wata ƙofar ganuwa, daga nan masu amalanken hannu ke ɗaukar kaya. Ka daidaita da mai amalanke kafin ya ɗora jaka, 20 zuwa 30 ya isa ga tafiya gajera. Abin da ya fi shi ne ka aika wa masaukin saƙon WhatsApp su turo yaronsu ya tarye ka. Da ka isa ka karɓi katin gidan mai adireshi da lambar waya, ka sauke taswirar garin a waya yadda za ta yi aiki ba data, sannan da rana tsaka ka taka daga ƙofar masauki zuwa dandali ka dawo, kana lura da alamun da ba sa rufewa: masallaci, famfon unguwa, baka mai rubutu. Kada ka yi alama da shago. Da dare an rufe shi an ja ƙofar katako, layin duka ya zama iri ɗaya.

4. Lokacin fita

A 2025 agogon Maroko daidai yake da na Nijeriya, sai a watan azumi da suka ja da shi baya awa ɗaya. Amma rana ba ta faɗuwa lokacin da ka saba. A agogon Nijeriya, a Disamba magariba wajen 6:30 take, a Yuni da Yuli kuwa sai kusan 8:40. Don haka kada ka yi shiri da ƙarfe kaza, ka yi shi da kiran salla: ka bar masauki awa ɗaya da rabi kafin magariba.

Zafin Yuli da Agusta ba zai ba Basakkwace tsoro ba. Sanyin dare na Disamba zuwa Fabrairu shi ne ke kama mutanenmu ba shiri, don yakan sauka ƙasa da digiri 7, ga iska daga duwatsun Atlas. Ka tafi da rigar sanyi ta gaske da safa. Takalmi ya zama rufaffe, saboda maiƙo da ruwan wanke-wanke a tsakanin rumfuna, da kashin dawakin keken doki ta ɓangaren Kutubiyya.

5. Zagayen farko, da sauran haske

A wannan lokaci ne ake turo kekunan ƙarfe ana harhaɗa rumfunan abinci a tsakiyar fili. Ka zagaya gefe-gefe sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, don ka san gabas da yamma. Abubuwa huɗu za ka riƙe: hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsayin mita 77, wadda ake hangowa daga kusan ko'ina a filin, bakin kasuwa ta arewa, gidan waya da tsohon ginin babban banki ta kudu, wanda aka mayar gidan tarihin al'adun dandalin a 2023, da ofishin 'yan sanda masu kula da baƙi. In kuna da yawa, ku tsayar da wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu. Gaban gidan waya ya yi.

Masu tarkon kuɗi sun fi kaifi a wannan lokaci, kuma kowa da salonsa.

Gardawa masu maciji suna zaune ƙarƙashin laima suna busa. Yaransu ke yawo da ƙaramin maciji a hannu, kafin ka ankara an rataya maka a wuya, wani ya karɓi wayarka ya ɗauki hoto, sai a ce 200. Masu birai ma haka, a kafaɗa suke ɗora maka. Maganin abin shi ne tazara: ka bar taku biyar tsakaninka da laimar, wayarka a aljihu. In kana son hoton, ka tsaya daga nesa ka faɗi kuɗinka, 10 ko 20, ya amsa, sannan ka ɗaga waya. Birin kuwa shawararmu a bar shi. Yana cizo yana yakushi, kuma cizon biri na nufin neman allurar rigakafin haukan kare a ƙasar da ba taka ba.

Masu lalle mata ne a kan 'yan kujeru, da littafin zane da sirinji cike da lalle. Hajiya ta miƙa hannu don gaisawa ko duba zane, sai ta ji sanyi a bayan hannu, an riga an fara. Za a ce kyauta ce, a ƙarshe a nemi ɗaruruwa. Mata su riƙe hannu cikin mayafi in za su gifta ta wurinsu. Mai so ta zaɓi zane, ta nuna iyakar inda zai tsaya, hannu ɗaya ko biyu, a yanke kuɗi, sannan ta zauna.

Hattara: a nemi jan lalle. Baƙin da ke kamawa nan take sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, yana sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa bayan kwana biyu ko uku, wani har tabo.

Masu sayar da ruwa da jajayen kaya da faffaɗar malafa da kofunan tagulla, yanzu hoto ne sana'arsu. Dirhami 10 ya wadatar.

Kalmomin da za su yi maka aiki ba su da yawa. "La, shukran", wato a'a, na gode, sau ɗaya, kana tafiya, ba tare da ka tsaya bayani ba. "Bishhal?" wato nawa. In ka ji "balak" a bayanka ka matsa gefe, amalanke ne ko babur. Wanda ya yi karatun Larabci zai ga suna fahimtarsa sarai, ko da shi zai sha wuya da nasu Larabcin na gida. Sallama cikakkiya kan sauya fuskar ɗan kasuwa, amma ba ta rage farashi da kanta.

6. Hawa bene, sannan salla

Saura kamar awa ɗaya magariba, ka hau benen ɗaya daga gidajen shayin da suka kewaye filin. Café de France da Le Grand Balcon du Café Glacier su ne aka fi sani. Ba a biyan kuɗin hawa, amma sai ka sayi abin sha, wani wurin ma tun a bakin matakala. Shayin na'a-na'a ko lemon kwalba 15 zuwa 30. Kujerun bakin baranda suna cika da wuri. Daga sama za ka ɗauki hoton filin duka ba mai tambayarka ko sisi, kuma za ka ga layin rumfunan da mutanen gari suka fi nufa. Kada ka ci abincin dare a nan, ba shi ya kawo ka ba.

Da an kusa kira ka sauko. Akwai masallatai a jikin dandalin, amma in da hali ka taka zuwa Kutubiyya, minti biyar zuwa bakwai ne. Malikawa ne, da ƙira'ar Warshu, ba abin da zai zame maka baƙo, kuma bayan magariba akan zauna karatun hizbi a tare. Ka zo da alwalarka daga masauki ko gidan shayin. Ka sa takalmi a leda ka shiga da shi. Masallatan Maroko akasari ana buɗe su ne dab da salla a rufe jim kaɗan bayanta, don haka wanda ya yi jinkiri zai tarar da ƙofa a rufe.

7. Zaɓen rumfa

Bayan salla fitilu sun kama, rumfuna sun cika. Kowace tana da lamba a sama. Ba za mu ba ka lamba ba, domin hannu yana canzawa, kuma rumfar da aka yaba a intanet bara ita ce bana ta fi kowa tsada. Ga abin da ake dubawa.

Na farko, su wa ke zaune. In ka ga iyalan Maroko da yara da tsofaffi sun cika benci har ana jira, nan ne. Na biyu, yawan abin da ake sayarwa. Rumfar da ta tsaya a kan abu ɗaya, miya kawai, ko kifi kawai, ko kan rago kawai, kayanta ba sa kwana kuma farashinta sananne ne. Wadda ta jera komai da komai, kifi da kaza da kuskus da tsire tsibi-tsibi don ɗaukar ido, baƙi take jira, kuma ita ce ke da samari masu tare hanya da takardar abinci a hannu. Samarin nan gwanayen zolaya ne, suna ganin hula da kaftani za ka ji "Nijeriya! Alhaji!" Ka yi murmushi ka wuce. Na uku, farashi a rubuce. In babu allo ko takarda mai kuɗi a gaban kowane abinci, kada ka zauna.

Naman halal ne, kuma ba a sayar da giya a rumfunan dandalin. Wuraren giya da rawa suna Geliz da Ibarnaj da wasu gidajen abinci na kan bene, mai gudun su ya duba takardar abin sha kafin ya zauna.

8. Oda da biya

Yawancin rigimar da ake yi a dandalin a nan take tashi, kuma kusan duk ana iya kauce mata.

Kana zama za a shimfiɗa takarda a gabanka, a ajiye burodi, zaitun, da ɗan kwanon miyar tumatir. Ba kyauta ba ne. Kowane ɗan kwano 5 ne ko 10, kuma ga mutum huɗu sai a ajiye huɗu-huɗu. Wanda ba ka so ka ɗaga hannu a ɗauke tun ba a taɓa ba.

Ka yi oda da yatsa a kan takardar, ka faɗi adadi: wannan, faranti ɗaya. In ka ce a kawo muku gashi kawai, za a kawo haɗin gambiza na kowa da kowa a lissafa maka faranti shida. Ka ɗauki hoton takardar farashin, ka rubuta abin da kuka ce a kawo a waya. Farantin da ya sauka ba ku nema ba, a mayar nan take. Ka ce a gasa naka a gabanka, kada a ɗumama wanda ya jima a gefe.

In an gama, kai ka fara lissafi kafin ka tambaya. In nasu ya zarce naka, ka ce a rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an ɗaga murya ba. Sau da yawa da an ga kana da lissafi kuɗin ke komawa daidai, in kuma an ƙi, ambaton ofishin 'yan sandan baƙi ya isa. Ka miƙa daidai kuɗin, ka ƙara ɗan alheri 5 ko 10 in an kyautata.

9. Abin da ya cancanci ci

Kada ka cika ciki a rumfa ɗaya. Daɗin wurin a ci kaɗan nan, kaɗan can.

Ka fara da harira, miyar tumatir da adas da wake da 'yar siririyar taliya, ana sha da cokalin katako, ana haɗawa da dabino ko soyayyen fulawa mai zuma. Kwano 5 zuwa 10. Daga nan tsire ko 'yan tsiran-alade na naman rago ko sa masu yaji da ake kira margaz, faranti 30 zuwa 60. Kada ka sa ran ƙuli-ƙuli da yajin da ka sani, gishiri da wani kayan ƙamshi da ake kira kamun suke barbaɗawa. Wanda bakinsa ya saba da yaji ya taho da ɗan ƙullinsa daga gida, ba mai hana shi.

Masu kan rago suna jere wuri ɗaya, da fararen riguna, kawunan a gabansu suna tururi. Kana zaɓar abin da kake so, kunci ko harshe ko ƙwaƙwalwa, a yanka a kan takarda a ba ka da burodi. Ka faɗi na nawa kake so tun kafin wuƙa ta sauka.

Abincin da Marakish ke taƙama da shi shi ne tanjiya. Nama ake zubawa a tulun ƙasa da tafarnuwa, kamun, za'afaran, lemon tsami da aka jiƙa a gishiri da tsohon man shanu, a rufe bakin da takarda a ɗaure, a kai wurin mai hura wutar gidan wanka ya binne shi cikin toka mai zafi na sa'o'i. Naman yana fita daga ƙashi da kansa. Rabon mutum ɗaya 70 zuwa 100. A wani ɗan layi da ke arewa da dandalin, kusa da masu zaitun, ake samun ta tare da ragon da ake gasawa sukutum cikin rami a ƙasa, ana sayarwa a kan sikeli. Sai dai wannan gashin na rana ne, daga azahar zuwa la'asar ya ƙare. Mai son sa ya ware masa washegari.

Dodon koɗi a romo mai kayan ƙamshi, ƙaramin kwano 5 zuwa 10, ga wanda ransa ya karɓa. Lemon zaƙi da ake matsewa, 10 ko ƙasa da haka, haɗin 'ya'yan itace ya fi tsada. Ka ce a matse a gabanka, ba ƙanƙara, a kofin roba. A rufe da hunjal, wani jan shayi mai zafin citta da kirfa da kanumfari da ake zubowa daga manyan tukwanen tagulla a gefen rumfuna, kofi 5 ko kusa.

Hattara: abin da ke ɓata ciki a nan ba naman da ya fito daga wuta ba ne. Ɗanyen ganye ne, da kifi ko jatan lande da suka jima a fili, da faranti da kofin da aka ɗauraye a bokiti ɗaya tun magariba. Ka ci a kan takarda da burodi, ka sha ruwan gora, ka riƙe abin goge hannu da ƙullin gishirin zawo ɗaya ko biyu a jaka.

10. Da'irar masu wasa

Bayan isha'i filin da ke tsakanin rumfuna da hanyar Kutubiyya ke cika da da'irori, kowace da fitilarta a tsakiya. Halƙa suke ce mata, kuma saboda ita ne hukumar UNESCO ta sanya dandalin cikin gadon al'adun duniya a 2001. Akwai masu tatsuniya da Larabcin gida, makaɗan Barbar da goge da ganguna, masu alkafura, 'yan barkwanci, masu maganin gargajiya da kayansu a shimfiɗe, da wasan kama kwalbar lemo da sandar kamun kifi.

Waɗanda za su fi jan kunnen Bahaushe su ne Ginawa, masu huluna da wuri a jiki, da ƙarafan kaɗawa a hannu da wani abin kiɗa mai tsirkiya uku, kamar gurmi ne da aka ƙara wa girma. Kakanninsu daga ƙasashenmu na kudu da Sahara aka kai su.

Ƙa'idar tsayawa: in ka tsaya minti biyu zuwa uku, ka shiga lissafi. In an zagayo da tambari ko hula ka jefa 2 zuwa 5, in ka ɗauki bidiyo 10. Kada ka shiga sahun gaba sai in kana son a jawo ka tsakiya a ɗora maka hula a yi wasa da kai, sannan a nemi 50. Sahu na biyu ya fi.

Hattara: masu yankan aljihu a nan suke aiki, lokacin da ido ke kan wasa kuma ana matsatsi ta baya. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kada waya ta kwana a ciki. Mata su tsaya a gaban mazansu ko a gefen da wasu mata suke, don akwai masu fakewa da cunkoso. Yaro ƙarami a riƙe hannunsa, a sa masa katin masauki a aljihu. Wasu da'irorin maza ne ke rawa cikin kayan mata, akwai kuma masu duba a ƙarƙashin laima. Mai tafe da iyali ya leƙa tukuna kafin ya kira su.

11. Komawa masauki

Daga tara zuwa sha ɗaya ne wurin ya fi cika. Da sha ɗaya ta wuce iyalai sun fara watsewa, lungu ya fara yin shiru, lokacin tafiya ya yi. Ka bi hanyar da ka taka da rana ko da taswira ta nuna maka wata gajera. In yaro ya ce maka hanyar a rufe take, ko ya ce bi nan, kada ka bi shi, zai zagaya da kai ne ya nemi lada. In ka ɓata, ka shiga kanti ka tambayi mai shi, ko ka kira masauki su zo su ɗauke ka. Wasu riyad suna kulle ƙofa da dare, ka tambayi yadda ake buɗewa tun kafin ka fita.

Mai komawa Geliz zai hau ƙaramin tasi. Mutum uku kawai yake ɗauka, ku huɗu sai mota biyu. Direbobin da ke fake a bakin dandali ba sa son kunna mita. Ka taka zuwa babban titin Muhammadu na Biyar ta gaban Kutubiyya ka tsayar da mai wucewa, ka ce "kuntur", wato a kunna mita, kafin ka rufe ƙofa. Da rana mita ba ta cika wuce 20 zuwa tashar jirgin ƙasa ba, da dare doka ta ba su ƙarin rabin kuɗin. In ba mai kunnawa, a yanke kuɗi kafin a tashi, kuma a fayyace na motar ne gaba ɗaya, ba na kowane kai ba. Mai jirgin sama daga Marakish, bas mai lamba 19 yana tashi daga kusa da dandalin zuwa filin jirgi. Lambar 'yan sanda 19 ce ita ma.

12. In tafiyar ta faɗo a azumi

Tsarin duka yana juyawa. Dab da buɗa-baki filin yakan yi fayau, tasi ya ɓace, don haka ka iso da wuri ka kama benci a rumfar harira. Tarawihi a Kutubiyya yana cika har harabar waje, ka je da dardumarka. Bayan an sallame ne dandalin ke tashi, ya kai tsakar dare da wuce haka. Matafiyin da ya ajiye azumi ya ci abincinsa a masauki, domin dokar Maroko ta hana wanda aka san Musulmi ne cin abinci a bainar jama'a da rana a watan.